Inda Wendelin Ya Binne Kamomil

Rami na tara ke nan Reinhild take haƙawa a bayan garken maƙwabcinta, tsoho Wendelin, kuma abin da shebur ɗinta ya ci karo da shi bai wuce wani tsohon takalmin doki ba. Ta ja tsaki, ta wurga shi gefe.

"Ke dai ki huta mana," in ji Zenzi daga bakin shinge. Ita ce ƙanwar Wendelin, tare suka tsufa a gidan, babu wanda ya taɓa aure a cikinsu. "Kin mai da mana fili kamar aladu sun yi kiwo."

"Ya sha maganin?"

"Ina fa! Cewa ya yi a ba kare."

Kwana goma sha ɗaya ke nan ciwon daji yana nuƙurƙusar Wendelin a kan gado. Likita ta ce saura kwanaki, ta bar maganin da zai kashe zafin, sai dai yana sa barci, yana ɗauke hankali. Tsoho ya ce atafau ba zai sha ba, yana son kansa garau sai ya tuna.

Abin da yake son tunawar kuwa shi ne wannan. A watan Oktoba, kamar yadda ya saba shekara arba'in, ya ɗura busasshen furen kamomil cikin hanjin saniya, ya ƙuƙƙulle gaɓa-gaɓa, ya binne don ya yi lokacin sanyi a cikin ƙasa. Gonaki biyar a kwarin nan daga hannunsa suke karɓar haɗin da ake sa wa tulin taki. Haɗin kala-kala ne, kowanne da inda yake binne shi. An tono na ɓawon itace da ke cikin ƙoƙon kan bijimi, an tono na mafitsarar barewa, duk lafiya. Kamomil ne ya ɓace. Mutumin da bai taɓa rubuta komai ba, yana taƙama da kansa, sai ga shi kan ya ci amanarsa.

"Na kafa sanda," abin da yake ta maimaitawa ke nan. "Na san na kafa sanda."

Shekaranjiya ma sai da Zenzi ta kawo dabara. Suka ɗebo ragowar na bara daga akwatin ajiya, suka shafa masa danyar ƙasa, suka kai masa. Ya shinshina sau ɗaya, ya dubi Reinhild.

"Yarinya, na bara ne wannan. Mutuwa zan yi, ba hancina aka yanke ba."

Shekarunta hamsin da takwas, amma ranar ta ji kunya kamar ta nutse.

Yanzu ta yar da shebur, ta hau gangaren da ke bayan itatuwan tuffa, ta zauna a kan dutse tana haki. Ta taga take jiyo nishinsa, kuma nishin nan ya fi komai ci mata rai. Haushinsa take ji, tausayinsa ma take ji. Taki dai ko babu kamomil zai ruɓe, ta faɗa masa haka, ya ce ita da ubanta duk ba su san ƙasa ba.

Gefenta akwai ragowar dusar ƙanƙara, ɗan fari-fari, duk da ana tsakiyar Afrilu. Shi ya koya mata cewa a irin wurin nan ake binne kamomil, inda ƙanƙara ke daɗewa kuma rana ke haskawa. Ta riga ta zagaya nan sau uku, babu sanda. Ɗan itacen wilo ne kawai a tsaye, iya ƙugunta, da sabon ganye shar.

Ta daɗe tana kallonsa. Wilo itacen bakin rafi ne, me ya hau da shi kan tudu? Ta miƙe ta duba kansa, sai ga saran wuƙa a karkace.

"Kai, Wendelin!" ta ce da ƙarfi. "Wa ya aike ka yin alama da ɗanyen reshe?"

Sandar ce ta kama ƙasa ta yi saiwa, ita kuma tana ta neman busasshen kara. Ta sauka ta ɗauko shebur, kamu biyu ta haƙa ta tarar da fale-falen jan bulo da ya jera saboda dila. A ƙarƙashinsu ga hanjin nan, ya yi baƙi, ya yi laushi.

Ba ta ko cire takalmi ba ta faɗa ɗakinsa, Zenzi na biye da ita tana faɗan taɓo. Wendelin ya rame har zoben ubansa na yawo a yatsa. Ta sa masa gutsure a tafin hannu. Ya murtsuke, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"A ina?"

"Kan tudu. Sandarka ta zama bishiya, malam gwani."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ya nuna," ya ce. "Ya fi na bara. Amma kin datse ɗaya da shebur, na ji iska ta shiga."

"To sannu. Ka tashi ka tono da kanka."

"Rabon gonar Ottmar ki rage masa, zuba shi yake yi kamar gishiri." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Zenzi, ina abin nan na likita? Kawo."

Zenzi ta ba shi a cokali. Kafin kofi ya tafasa a kicin nishin ya tsaya, sai minshari. Matan biyu suka zauna a teburi, Zenzi ta yanka burodi da cuku, ta ci yanka uku a jere tana hawaye.

"Allah ya yafe mini," ta ce, "wallahi daɗi nake ji."

"Ni ma," in ji Reinhild.

Bai sake farkawa sosai ba. Washegari da hantsi Reinhild na bakin tulin takinta, tana huda ramuka da sanda, sai ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya-ɗaya, irin bugun da ake yi idan namiji ya rasu. Ta tsaya har aka gama. Ta ji kafaɗunta sun sauka, numfashinta ya kai har ciki.

Sannan ta tsunkuli kamomil ɗin, ta mulmula shi da 'yar danyar ƙasa, ta zura hannu har gwiwa cikin ɗumin takin ta ajiye. Ta toshe bakin ramin, ta daddanna da tafin hannu.