Ƙwayoyin Hanjin Yaya

A ɗakin binciken ba mai kiranta da sunanta. Uwar Hanji suke ce mata, ita kuwa ko a jikinta, har amsawa take yi. Shekara huɗu ke nan tana rainon ƙwayoyin halittar hanji cikin wasu ƙananan kwalabe, a akwatin ɗumi da ke kusurwar ɗakin. Litinin da Laraba da Juma'a sai ta tsiyaye tsohon ruwan da suka gama tsotsa, ta zuba musu sabo jajur. Ko zazzaɓi take yi sai ta lallaɓo ta zo.

Ƙwayoyin na yayanta ne. Shekarar da bairos mai sa amai da gudawa ya shiga gidansu, kowa sai da ya kwanta, 'yarta mai wata goma sha huɗu kuwa ba ta tashi ba. Yaya shi ya yi ta wankin zannuwa da kwashe amai da hannunsa har kwana tara, amma ko ciwon kai bai yi ba. Bayan shekara biyu, da za a yi masa aikin hanji saboda wani ƙari, ta roƙe shi ɗan yanki daga abin da za a yanke. Ya sa hannu a takarda yana dariya.

"Ke dai akwai kwaɗayi, ƙanwata. Hanjin nawa ma ba za ki bar mini ba?"

Wata biyar ya ƙara a duniya. Ƙwayoyin kuwa suka rayu. Da farko da ƙyar suke ƙaruwa, daga baya sai suka kama yaɗuwa kamar ciyawa. Kuma duk yawan bairos ɗin da ta zuba musu, ba ya shigarsu. Na sauran mutane kwana biyu sun kumbura sun fashe, na Yaya kuwa ras da su. In har ta gano abin da ke tare wa bairos hanya a hanjin Yaya, to an kama hanyar magani, wata uwar ba za ta ga abin da ta gani ba. Abin da ya riƙe ta a tsaye ke nan tun bayan 'yarta.

Da ta rubuta sakamakon, mujallar da za ta buga shi ta ce sai an aika ƙwayoyin waje an tabbatar da asalinsu. Ta aika tana tsaki. Ita za a gaya wa asalin hanjin yayanta?

Ranar wata Talata da hantsi Farfesa, shugaban ɗakin, ya kira ta ofis. Mutumin nan bai iya faɗin magana mara daɗi ba, sai ya yi ta jera birukan kan teburinsa.

"Zauna, 'yata. Amsa ta dawo."

"To, ranka ya daɗe."

"Ƙwayoyin mace ne. Kuma ba ma na hanji ba ne. Irin na ciwon dajin nan ne da muke ajiyewa a ƙasan akwatin ɗumi." Ya tura mata takardar. "Shi ya sa bairos ba ya shigarsu. Me zai nema a cikinsu? Hanji yake so."

Ta ce kuskure ne. Ya ce sau biyu suka gwada. Ta fita ba ta ko rufe masa ƙofa ba.

Akwai doka a aikin nan wadda ko ɗan koyo ya sani: iri ɗaya ake ɗorawa a teburin aiki, kowane iri da kwalbar ruwansa. Na ciwon daji ba su da kunya, ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin wasu sai ta hayayyafa ta cinye wurin, kuma ko a madubin ƙara girma da wuya ido ya bambance. Ita ce ma mai yi wa mutane masifa a kan dokar. To yaushe ta karya ta?

Ta ɗauko littattafan aikinta ta bi su shafi shafi, baya baya. A littafin farko ta tarar da wata Juma'a da rubutun ya karkace, layi biyu kacal. Nan take ta tuna. Ranar ce matar Yaya ta bugo waya daga asibiti ta ce jikin ya tsananta, ta zo maza. Iri biyu ke jiran abinci, na Yaya da na ciwon daji, ga hutun ƙarshen mako. Ta ɗora su tare, ta ɗebi ruwa daga kwalba ɗaya ta zuba wa duka, don ta rage minti goma ta same shi da rai. Ba ta same shi ba. Duk ajiyar da ta daskarar a tankin sanyi kuwa bayan wannan rana ta yi ta, in ban da ɗan bututu guda.

Ta ciro shi. Ta narkar da shi a ruwan ɗumi, ta juye a sabuwar kwalba, ta sa a akwati. Kwana uku tana leƙa madubi. Masu rai mannewa suke yi a gindin kwalba su baje. Waɗannan yawo kawai suke yi a ruwan kamar dusa. A kwana na huɗu Farfesa ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya girgiza kai. Yaya dai ya daɗe da tafiya gaba ɗaya, ita ce ba ta sani ba. Baƙuwa ta yi ta ciyarwa shekara huɗu, har da yi mata hira.

Da azahar ta tafi gidan Yaya, don ba ta ga wanda ya cancanci ya fara ji ba sai matarsa. Ta same ta a tsakar gida tana shanya kayan makarantar yara.

"A'a, Gwaggon yara! Yau an ba ki hutu daga hanjin? Lafiya na ga idonki haka?"

Ta zauna a bakin baranda ta zayyana mata komai, tun daga takardar har zuwa kwalbar ruwan. Ba ta ɓoye laifinta ba.

"Sauri ne ya ja mini, Anti. Wallahi so nake in same shi ko da numfashi ɗaya ne. Da kika kira, kaina ya kulle."

Matar Yaya ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Sannan ta zauna kusa da ita a hankali.

"Gwaggon yara, ki yafe mini," in ji ta. "Lokacin da na kira ki ya riga ya cika, har an rufe masa fuska. Bakina ne ya kasa faɗa miki a waya."