Lomar Manaja Gong

Yeom Tae-sik ya shekara ashirin yana wasan kwaikwayo a Seoul ba wanda ya san sunansa. Ya fito a direba, ya fito a mai gadi, ya fito a gawa ba sau ɗaya ba. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne sannan sa'a ta waiwaye shi, aka ba shi matsayin Manaja Gong a wani shirin talabijin na ranakun Litinin da Talata, labarin mazauna wani bene da duk ba su da aure, kowa na cin abincinsa shi kaɗai. Manaja Gong tuzuru ne mai fara'a. In ya tashi daga ofis sai ya shiga gidan abinci, ya zauna da kwalbar giyar soju, ya kai loma, ya lumshe ido kamar wanda aka yi wa albishir. Wannan lumshe idon shi ya sa ƙasar ta kamu da shirin.

Masu kallo dai kwano ɗaya suke gani. Shi kuwa Tae-sik sai ya ci kwanon nan daga gaba, ya ci daga gefe, ya ci daga sama, in tururi ya daina tashi a zubo masa sabo. Sauran 'yan wasa suna da bokiti a ƙarƙashin tebur, su tauna su tofar. Shi kam, Darakta Seol ta hana shi.

"Maƙogwaronka mutane ke kallo," in ji ta. "Haɗiye. Ka ci kamar kana so."

"Darakta, na so shi tun da safe. Yanzu gaisuwa kawai muke yi."

Ma'aikata suka yi dariya, aka ajiye masa wani kwanon taliya mai ja da barkono.

Kafin shirin ya kai rabi, likita ya ce gyambon ciki ne, ya hana shi yaji, ya hana shi giya, ya ce ya huta. Tae-sik ya karɓi magani ya koma bakin aiki. In ya dawo ɗakinsa da ke Mangwon, ko fitila ba ya kunnawa. Ya jiƙa shinkafa da ruwan ɗumi ya sha a tsaye, ya kwanta da kayan jikinsa. Firjinsa cike yake da kimchi, jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, wanda mahaifiyarsa ke aikowa daga Gunsan, don ta ga a talabijin yadda yake son sa.

Ana cikin haka yayarsa Hye-suk ta bugo waya daga Incheon.

"Na samo maka mata."

"Yaya, a kasuwa kika tsinto ta?"

"Rufe min baki. Ƙanwar maƙwabciyata ce, sunanta Pyo Mi-ran, tana aiki a ofishin karɓar ƙorafi na wani kamfanin gas. Lahadi da rana. Yanzu ne kasuwarka ke ci, in shirin nan ya ƙare wa zai kalle ka da wannan tumbin?"

"Lahadi ce kaɗai ranar barcina."

"In ka mutu ka yi barcin."

Bai da ƙarfin musu, ya je.

Hye-suk ce ta zaɓi wurin, wani gidan farfesun kifi kusa da kasuwa. Ya tarar da Mi-ran ta riga shi zama, mace mai kimanin shekara arba'in, da gajeren gashi da jakar da ta ga jiya ta ga yau. Suka rusuna wa juna. Ya ba ta haƙurin latti, ta ce ba komai, da muryar nan mai santsi ta masu amsa waya. Sai kuma ta dafe goshi.

"Yi haƙuri, Tae-sik. Muryar aiki ce, ta ƙi sakina."

Bai kai ga amsawa ba matar mai gidan abincin ta hango shi, ta saki ludayi.

"Wayyo! Manaja Gong! Manaja Gong a shagona!"

Nan da nan tebur ya cika. Farfesu ja wur yana tafasa a kan wuta, soyayyen kifi da barkono, ɗanyar kaguwa a cikin yaji, da abin da ba su ma nema ba. Wani dattijo daga teburin gefe ya taso da kwalbar soju, ya cika masa kofi, ya tsaya a kansa. Wayoyi suka ɗago ta ko'ina.

"Ci mu gani! Yi mana irin na talabijin!"

Tae-sik ya dubi farfesun, ya tuna maganar likita. Amma mutumin da ya shekara ashirin ba a ko kalle shi ba, ina zai iya cewa a'a ga masu kallo? Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki, ya lumshe ido, ya girgiza kai a hankali. Shagon ya ɗauki tafi. Shi kuwa ji ya yi kamar ya haɗiyi garwashi, zufa ta keto masa.

Mi-ran na kallonsa. Da ya buɗe ido ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ciki ne?"

Ya gyaɗa kai.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta janye kofin daga gabansa, ta juya gefe don girmama dattijon, ta shanye tas.

"Baba, a yi masa afuwa, gobe da sassafe yana da aiki. Ni zan tare masa."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "Manaja, wannan kada ka bari ta kuɓuce!"

Daga nan ta ja kwanukan gabanta ta shiga ci. Ba ta lumshe ido ba, ba ta yi wata yanga ba, ci take yi irin na wadda ta wuni tana ba mutane haƙuri ba ta samu ta zauna ba. Ta tsotse ƙashin kifi, ta fasa kaguwa, ta nemi ƙarin shinkafa. Lokaci-lokaci shi ma ya ɗaga tsinken cin abinci ya taɓa wani abu don idon jama'a. Da mutane suka ga ba wani abin kallo, kowa ya koma kan kwanonsa.

Da suka fito ya ce, "Na gode. Na ba ki kunya."

"Ni na ƙoshi, ban ga abin kunya ba." Ta gyara jakarta. "Bari in gaya maka gaskiya. Ban taɓa kallon shirinka ba. In na dawo gida ba na son jin muryar ɗan Adam, ko ta talabijin. Yayata ce ta dame ni, na zo don ta ƙyale ni."

"Ni ma tawa ce."

"To mun biya su."

Ba wanda ya ce a rabu, ba kuma wanda ya ce a ci gaba. Suka bi titi har bakin kogin Han. A hanya ta tsaya ta saya masa kunun shinkafa marar gishiri a roba, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Suka sami benci suka zauna. Masu keke na wucewa, yara na bin kare. Ya sha kunun a hankali, ba wanda ya ce masa ya sake daga gefe. Ya yi niyyar ya nemo wata hira, irin wadda ake yi a haɗuwar farko, amma rana ta yi ɗumi, kansa ya yi nauyi.

Da ya farka inuwa ta riga ta rufe bencin. Ya zabura zai ba da haƙuri, sai ya ga ita ma barci take, ta rungume jakarta, baki a ɗan buɗe. Ya koma ya jingina ya jira ta.

Ba a yi aure ba. Hye-suk ta bugo har ta gaji, kullum amsarsa ɗaya, "Muna gaisawa." Shirin ya ƙare da bikin biyu daga cikin mazauna benen, aka bar Manaja Gong a tuzurunsa don masu kallo sun fi son sa haka. Da aka ce za a yi kashi na biyu, Tae-sik ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya sa hannu, don ya san yadda zaman jiran a kira shi aiki yake.

Wata Lahadin sukan haɗu da Mi-ran, wata kuma kowa ya kwana abinsa a ɗakinsa ba wanda ya ji haushi. Ranar da ya gaya mata ya karɓi kashi na biyu, suna zaune a wani shagon miya da babu talabijin. Ta daɗe tana juya cokali.

"Cikin naka ka shawarce shi?"

"Ya ce ba ruwansa."

"To ka ce su ba ka bokiti. Kai ba yaro ba ne."

"Zan gwada."

"Ba za ka gwada ba," ta ce, ta ɗaga hannu ta kira mai shagon, a ƙaro masa ruwan ɗumi.