Jar Masara

Da Mai Rumbu ya kwance bakin buhun agaji ya ga masarar ja jawur kamar an tsoma ta a fenti, sai ya ja dogon tsaki, ya tofar da yawu a gindin allo. Iri ne. Irin shuka, wanda aka cuɗe da maganin kashe ƙwari da ɓeraye. Shekara arba'in yana noma, ba sai an karanta masa rubutun jikin buhu ba.

Wata biyar ke nan suna kwana a wannan aji na firamare, shi da matar ɗansa da jikokinsa uku, tun ranar da 'yan bindiga suka harbe ɗan nasa a gona suka cinna wa rumbunansa bakwai wuta. Rumbuna sun zama toka, suna kawai ya rage. Rabon da tukunya ta hau murhu a ɗakin yau kwana uku.

Tun da sanyin safiya aka jera su a rana, wai shugaban kwamitin agaji yana tafe. Sai tsakar rana gogan ya iso, tumbi a gaba, hankici a hanci, turarensa ya riga shi saukowa daga mota. Ya yi jawabi har da share zufa. Wai gwamma a koya wa mutum dogaro da kai da a mayar da shi mabaraci, don haka bana ba abinci suka kawo ba, abin da ya fi abinci suka kawo. Aka yi tafi. Mai ɗaukar hoto ya bi layi yana duba mutane kamar mai zaɓen rago, ya tsaya kan Mai Rumbu saboda haƙarƙarinsa sun fi na kowa fitowa, ya ce ya riƙe buhun ya ɗan yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, a ina za mu shuka?" in ji tsohon.

Shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya je ya ga sakatare. Sakatare kuwa tuni ya shige mota ya ɗaga gilashi.

A ina ɗin? Filin ƙwallon makaranta ya cika da tantuna da ramukan bahaya. Bayan shingen sojoji na ƙarshe kuwa, duk wanda ya fita da fartanya, fartanyar kaɗai ake tsinta.

* * *

Surukarsa ta durƙusa gefen buhun, ta daɗe tana juya ƙwayoyin a tafin hannu kafin ta ce, "Baba, in ɗora?"

Ya daka mata tsawa. Ya ce guba ce, shi da idonsa ya taɓa ganin kaji tara sun mimmiƙe a kan ɗan abin da ya zube. Ba ta yi musu ba. Ta dai nuna masa Auta da haɓa. Yarinyar na kwance a kan benci, idanu a buɗe, ƙuda na yawo a leɓenta ba ta ko kore shi.

"Tun jiya ta daina kuka, Baba."

Wannan maganar ce ta karya shi. Haushi ya turnuƙe shi, haushin mai tumbi, haushin masu tafi, da nasa haushin na murmushin da ya yi wa hoto. Ya ja buhun zuwa bakin famfo. Ya wanke, ya zubar, ya sake wankewa da toka, har sau bakwai, har fatar yatsunsa ta yi fari. Da ya ɗago kai sai ya ga ba shi kaɗai ba ne. Mata sun yi layi da kwanoni, kowa kansa a ƙasa, ba mai kallon wani, ga jan ruwa yana bin kwata har bakin ƙofar makaranta.

* * *

Da masarar ta dahu, yaran suka kewaye tukunya. Har Auta ta rarrafo. Mai Rumbu ya sa ƙafa ya tare su, ya ɗebi cikin ludayi biyu ya tauna a gabansu, a hankali, yana kau da kai don kada ya ga yadda suke bin bakinsa da ido. Sannan ya rufe tukunyar ya ɗora dutse a kan murfin.

Ya nuna musu sandar tuta a tsakar fili. Ya ce idan inuwarta ta taɓa matakalar ajin yana nan zaune garau, kowa ya ci. Idan kuwa ba haka ba, uwarsu ta san abin yi.

Suka zauna a jere a bakin ƙofa suna gadin inuwa. Daga nesa ana jin rediyon wani yana maimaita jawabin shugaba, har da tafin.

Can sai cikin tsohon ya murɗa, zufa ta tsattsafo masa a goshi. Ya dafe bango ya saurari jikinsa. Maganin ne, ko kuwa tsohuwar yunwar ce? Wata biyar ke nan cikin nan yana irin wannan murɗar, ya rasa yadda zai bambanta.

Auta ta ja gefen rigarsa.

"Kaka, ta taɓa."

Ya dubi matakala. Ta taɓa ɗin. Surukarsa ta zuba masa ido, hannunta a kan dutsen.