Ban da Tsohuwar

…kuma su suka sa masa maganar a baki, na rantse. Ɗantani dillali ne, la'adarsa ya sani, ina ruwansa da uwata? Su ne, mutanen unguwar nan. Masu gaisuwa da hannu biyu. "Maraba da kai, direba, unguwa taka ce, amma ban da tsohuwar." A bakin ƙofa ya faɗa mini, yana kallon takalminsa. Ga shi can ya jingina da babur yana taunar goro, wai in duba gida a natse.

To, ina dubawa. Ɗaki uku da falo. Siminti har tsakar gida. Pampo — na murɗa, ya zo. Wuta akwai. Lakwal ɗin Afra'u, makarantarsu ta boko, daga nan ana hango tutarsa, ɗiyata ba sai ta ƙetare gudron ba, kwaltar nan inda manyan motocin Ƙwanni ke… ni na san abin da babbar mota ke yi wa yaro, a kan sitiyari na yi furfura. Fadila tun da ta ga wanga falo ta daina jin maganar wani gida. Matata ce, ban ga laifinta ba. Ta sha haya, ta sha kwashe tukwane duk sanda mai gida ya tashi aurar da ɗa.

Ban da tsohuwar. Mi ta yi musu? Ƴar bori ce, to! Yau aka fara? A Arewa? Kwandon kayanta, baƙar akuya guda, nonon da take zubawa gindin itace… shi ke nan fa. Ba ta buga wa kowa goge a kunne. Tun da Baba ya rasu ita kaɗai a Ɗan Kassari, gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo — bara gishiri ta zuba a kunu a zaton sukari, ta shanye abinta don kada in gane. Ni na ce mata, Inna, ba ki sake damina ke ɗaya. Ni na faɗa, da wanga baki nawa da ba ya jiran shawara. Ba wanda ya roƙe ni.

Kuma wallahi na san motocinsu. Sau nawa nake tarar da su bayan dangarta, gilashi a rufe, hajiya ta ja lulluɓi har hanci, yaro na fizge-fizge likita ya kasa? Can tana da amfani. Maƙwabtakar ce ba a so.

Ɗaya gidan da na duba… gindin dutse, tsohuwar unguwa. Can ba mai tambaya, kowa da kwandon kakarsa ƙarƙashin gado. Amma ni ban shiga aji ba, bango nake karantawa. Shatin ruwa har gwiwata, an yaɓe shi da sabuwar ƙasa wai kada in gani. Ni? Na kwana Kwatano, na kwana Lome, na ga yadda ruwa ke cin gida daga ƙasa kamar gara. In dutsen nan ya sako ruwan tsakiyar damina, wa zan fara ɗauka — tsohuwa ko yarinya? Pampo sai an bi layi. Ga Fadila ta ce in can ne, in mai da ita Fadilar gidan iyayenta Tibiri kowa ya huta.

In ce musu ba su isa ba? Na iya. Bakina ya fi nasu kaifi. In saya, in kawo ta, in ɗaure akuyar daidai ƙofar masu tsegumin. Sannan? Ni kullum ina hanya. Su ke nan zaune. Ba za su zage ta ba, ina! Shiru za su yi mata. Ta yi sallama a ƙi amsawa. A janye yara daga wurin Afra'u, jikar mai iskoki. Ranar da ta cika, ina Gaya ko ina Dosso, wa zai shigo ya rufe mata ido?

Waya… Inna ce. Tana ruri kan cinyata. Na san abin da za ta ce: ɗan nan, ka samo mana wurin? Mana. Ta riga ta rabar da kajinta.

Bari ta yanke. Zan kira in na san mi zan ce. Takardun gidan ba su fito ba. A'a… bayan damina, zan ce bayan damina. Buhun shinkafa, maganin gwiwa, in roƙi Kaltume ɗiyar ƙanwarta ta riƙa kwana wurinta. Ai ba yar da ita na yi ba. Ko?

Ɗantani ya shigo, ya miƙo makulli, hannuna ya karɓa kafin bakina ya ce komai. Na gaji. Ku kuma kada ku dube ni haka. Ku bi layin nan gida-gida: duk ƙofar ƙarfe mai sabon fenti, akwai tsohuwar da aka ce wa bayan damina. Wanda ya isa ya fito ya ce ƙarya nake.