Cokalin Kande

Shekara uku ke nan cokalin ƙarfe bai rabu da bakin zanen Kande ba. Ko makewayi za ta, da shi take tafiya. Fari ya cinye musu shanu a ƙasar Tahoua, ya haɗa da tsohonsu da 'ya'yanta biyu, ya koro ta birni, unguwar Boukoki, da ƙanwarta Delu, ita kaɗai ta rage mata a duniya. Ita kuwa Delu farfaɗiya gare ta. Tun suna gida wata tsohuwa ta gargaɗi Kande: in abin ya tashi, a tura cokali tsakanin haƙora, in ba haka ba yarinya ta haɗiye harshenta ta mutu.

Ranar da kuncin Delu ya kumbura kamar ta ɓoye goro, Kande ta bar layin dawar agaji da sojoji ke rabawa, ta kai ta wurin likitan haƙori. A hanya ta ja mata kunne kada ta ambaci ciwon, don ko makwabta ba su sani ba.

Likita Mutari ya leƙa bakin, ya daɗe yana kallo.

"Haƙora uku a karye. Faɗuwa take yi?"

"Tsakuwa ce a tuwo, likita," in ji Kande.

Bai musa ba. Sai dai rana ba ta ƙarya. Yana kunna fitilar da ke bisa kujera, yana kai ƙarfen aikinsa bakinta, idon Delu ya juye. Ta saki ƙara, jikinta ya sandare, sannan ya kama fizga.

Kande ta warware cokalin ta yi kan Delu, likita ya tare ta da kafaɗa.

"Kada ki sa mata komai a baki!"

"Za ta haɗiye harshe! Don Allah, likita, ita kaɗai gare ni!"

"Ba a haɗiye harshe, baiwar Allah. Tsaya nan."

Tuni ya zare ƙarfensa, ya ture tiren kayan aiki, ya kwantar da kujerar, ya tallafi kan Delu. Bai danne ta ba, bai kira kowa ba, agogon hannunsa kawai yake duba. Kande ta ƙanƙame cokalin. Tsoro irin na ranar ba ta taɓa jinsa ba, ko ranar da ta rufe ɗanta na fari.

Fizgar ta lafa. Ya juya Delu a gefe, yawu ya zubo, ta ja dogon numfashi.

"Minti biyu," in ji shi. "Akwai ƙwayar da za ta riƙa sha kullum. Haƙori kuma sai ta huta." Ya dubi cokalin, ya dubi lanƙwasar da ke bakinsa da sawun haƙora, ya sassauta murya. "Ba ciwon ne ya karya haƙoran ba."

Kande ta kasa ɗaga kai.

Can Delu ta buɗe ido, ta lalubo hannun yayarta.

"Ya tashi ko, Yaya?"

"Ya tashi."

Ta lashi leɓe a hankali. "Yau ko jini babu. Hannunki ya ƙware. Allah ya bar min ke, da ba don cokalinki ba da tuni an manta da ni."

Kande ta ce amin. Ta kai cokalin bakin zane za ta ƙulle, yatsunta suka ƙi.