Marainiya da Yatsan Dillali

A kasuwar dabbobi ba wanda ke kiransa da sunansa, Yatsa ake ce masa. Ya haura shekara talatin yana dillancin awaki da tumaki, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure a shekarun dabba ba. Sauran dillalai sai sun matse akuya tsakanin ƙafafu sun wage bakinta da hannu biyu suna leƙe. Shi kuwa sai ya rungumo wuyanta, ya zura babban yatsansa ta gefen leɓe, ya shafa haƙoran ƙasa sau ɗaya, idonsa na kan mai saye.

"Biyu da rabi," zai ce. "Wanda ya ce maka shekara ɗaya ce, ka tambaye shi ko shi ya karɓi haihuwarta."

Sai ya goge yatsan a gefen riga ya kamo ta gaba. A ranar da kasuwa ta cika yakan shiga baki ɗari kafin rana ta take.

A gida su biyu ne, shi da yayarsa, wadda ta dawo wurinsa bayan rasuwar matarsa. Sai kuma akuya guda, Marainiya. Uwarta ta mutu a garken kasuwa ranar da ta haife ta, Yatsa ya naɗo ta a riga ya kawo gida yana cewa ba za ta kwana ba. Matarsa ta ce a bar mata. Ta riƙa tsoma yatsa a madara tana sa mata a baki, yau da gobe, har ta miƙe. Akuyar ta girma amma ba ta bar tsotson yatsa ba. Da matar ta rasu, kwana uku Marainiya tana tsaye a ƙofar ɗakinta. A rana ta huɗu ya dawo daga kasuwa, ta tare shi a bakin ƙofa ta kama babban yatsansa. Tun daga nan ya zama haka kullum: kafin ya cire takalmi, kafin ya sha ruwa, sai ya miƙa mata hannu.

"Ga 'yarka can ta hana ni shanya," yayarsa kan ce. "Mutum da furfura har a gira, yana shayar da akuya."

"Yaya, kishi kike yi don ke ba ki da mai tarar ki."

"Ni? In akuya ce mai tarba, na yafe."

Wata ranar kasuwa wata babbar mota ta sauke awaki daga nesa. Da yawansu hancinsu na zubar da majina, idanunsu sun yi kwantsa. Mahaucin da suka taso tare da Yatsa, wanda rumfarsa ke bayan garke, ya tsaya yana kallo yana sosa ƙeya.

"Anya, Yatsa? Waɗannan kamar sun kwana suna kuka."

"Murar hanya ce. Kai ma a ɗaure ka a bayan mota kwana biyu mu ga hancinka."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wajen arba'in. A bakin wasu ya ji ɗan laushi a dasashi, kamar fatar ta saɓule, amma masu saye na jira, sai ya goge yatsa ya wuce zuwa awakin mutanen gari. Da yamma Marainiya ta tare shi kamar kullum.

Kafin mako ya zagayo an fara jan gawa daga garke. Sai ga likitar dabbobi ta zo, wata matashiya da takalmin roba har gwiwa da safar hannu, ta tara dillalai da mahauta a ƙarƙashin rumfar kwano. Ta ce an rufe kasuwa har sai abin ya lafa. Ta ce cutar tana bin majina da yawu, daga wannan baki zuwa wancan, ta kwanon ruwa, ta igiya, ta hannun mutum. Duk wadda ta kamu a ware ta, wadda ta mutu ko aka yanka a binne ta da zurfi, kada a fede ta a wanke kayan cikinta inda wasu dabbobi ke bi.

"A cikinku akwai masu sa hannu a bakinsu?" ta tambaya.

Dariya ta tashi. Wani daga baya ya ce, "Ai ga sarkinsu nan. Wannan ko rago ya yi hamma sai ya faɗa maka shekarunsa."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube shi da ladabi.

"Baba, kana wanke hannu tsakanin wata da wata?"

"Ina gogewa," ya ce. Ya nuna gefen rigarsa, inda yadin ya yi baƙi ƙirin ya sandare.

Dariyar ta mutu a hankali. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya saka hannun cikin aljihu ya kama hanyar gida. Tun jiya Marainiya ba ta gama dusarta ba, ya ce wa kansa zafi ne.

Yau ba ta zo bakin ƙofa ba. Ya same ta kwance a jikin bango, kanta a ƙasa, kwantsa ta manne mata ido ɗaya. Ya durƙusa. Ta ji ƙamshinsa ta ɗago, ta lalubo yatsan, amma da ya taɓa dasashinta sai ta janye da ɗan kuka. Laushin nan ne da ya ji a bakin awakin mota.

Yayarsa na tsaye a bayansa da tsintsiya.

"Ba ta fita ko'ina ba," ta ce. "Na rantse ko ƙofa ban bari ta leƙa ba."

"Na sani, Yaya. Har gida aka kawo mata."

Ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta ga yadda yake kallon hannunsa, ta juya ta ci gaba da shararta.

Likitar ta zo ta yi mata allura, ta ce za a gwada, amma ta tsufa kuma abin ya yi nisa. Kwana uku yana ɗiga mata ruwa da cokali yana share mata hanci da tsumma mai ɗumi. Gudawa ta kama ta, ƙashin bayanta ya fito. A rana ta huɗu da hantsi mahauci ya yi sallama, wuƙarsa a naɗe cikin tsumma a hammata. Ya dubi akuyar sau ɗaya, irin duban masu sana'a.

"Ba za ta kai la'asar ba. Mu yi abin da ya kamata tun da sauran numfashi, kada ta tafi mushe."

"Sai kuma me?"

"Sai me kuwa? In fede ta. Kowa haka yake yi a ɓoye, ka je bayan rumfata ka gani. Wuta na kashe komai. In ba za ka ci ba, akwai masu ci."

"Likita ta ce a binne."

"Likita albashinta na zuwa ko an yanka ko ba a yanka ba. Haba Yatsa! Kai da ka miƙo mini igiyar dabba ta fi dubu? Waccan jar da ka kawo mini watan jiya, har tana lasar gwiwarka, ban ga ka yi hawaye ba. Da ni da kai muka ci hantarta."

"Na ci."

"To ita ba rai gare ta ba? Ko don ba a raɗa mata suna ba?"

Yatsa ya durƙusa kusa da akuyar. Ya daɗe yana shafa wuyan Marainiya, a daidai inda yakan rungumo na kasuwa.

"Ban san amsar wannan ba," ya ce daga baya. "Shekara talatin ina sa hannu a bakinsu, shekaru kawai nake ji. Ban taɓa tsayawa na ji ko akwai mai ciwo ba." Ya ɗago kai. "Yanka za ka yi, don ta huta. Hannunka ya fi nawa sauri. Amma ba fiɗa. Ko kofato ba zai fita gidan nan ba. Abin da na raba wa mutane da yatsa ya isa, ba zan ƙara musu a kwata ba."

"Wannan almubazzaranci ne," mahauci ya ce, ya juya ga yayar. "Yaya, ki gaya masa."

Tsohuwar ta jingine tsintsiyarta.

"Ni nama nake so fiye da ku duka, haƙora ne suka ci amanata. Amma wannan, hannun marigayiya ta sha. Ɗauko shebur, yana bayan randa."

Mahauci ya yi ƙwafa, amma shi ya fara haƙa. Suka yi rami a ƙarshen tsakar gida, har ya kai musu ƙirji, suna karɓa-karɓa. A bakin ramin suka kwantar da ita. Yatsa ya tallafi kanta ya rufe mata ido da tafin hannu, ya sa babban yatsansa a gefen leɓenta, bai tura ciki ba. Ta ɗan motsa baki. Mahauci ya ambaci sunan Allah, ya yi aikinsa da sauri kamar yadda aka roƙe shi. Bayan sun mayar da ƙasa ya wanke wuƙar sau uku, ya tafi bai tsaya shan ruwa ba.

Bayan makonni aka buɗe kasuwa. Garke ya yi fili, rumfuna da yawa ba kowa. Yatsa ya zo da bokiti da sabulu ya ajiye kusa da turkensa. Duk bakin da ya shiga sai ya wanke hannu kafin na gaba, masu saye na tsaki suna tafiya wurin masu sauri. Abokan sana'a suka koma ce masa Likita. Yakan yi murmushi ya ci gaba da cuɗa kumfa.

Da yamma ya iso gida ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗauki butar da ya ajiye a wurin, ya durƙusa ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya bi ƙarƙashin farcen babban yatsan da tsinke. Yayarsa na kallonsa daga inda take tankaɗe.

"Wa kake wanke wa kuma? Ba kowa a turken."

"Na sani, Yaya."

Ya sake zuba ruwa. Ita kuma ta taso a hankali, tana dafa bango, ta zo bakin ƙofa ta miƙa masa tsumman goge hannu.