Zomo Ɗaya Ya Rage

A saman ƙofar shagon askin akwai allo mai hoton zomaye biyu, kowanne riƙe da almakashi. Tagwayen da suka mallaki shagon ne suka sa aka zana shi, kuma ba don sha'awar dabba ba. Tun suna firamare ake kiransu Zomaye, saboda haƙoransu na sama sun turo gaba sun rufe na ƙasa, har leɓe ba ya lulluɓe su sai da ƙoƙari. Gadon marigayi mahaifinsu ne. Babba, wanda ya riga ɗan'uwansa faɗowa duniya, shi ya kawo shawarar ɗora sunan a kan allo. Ya ce zagin da mutum ya rataya a ƙofarsa da hannunsa ya tashi daga zagi. Ƙarami ya yarda, kamar yadda ya saba yarda da maganar Babba.

Kujeru biyu ne a shagon, madubi guda dogo ya haɗa su. Dukansu sun tara gashin baki mai kauri, sun bar shi ya zubo kan leɓe don ya rage wa haƙoran fitowa. Masu zuwa aski ba sa wahalar da kansu wajen bambance su. Duk kujerar da babu kowa, ita ce tasu. Kowace Litinin da safe, kafin a buɗe ƙofa, tagwayen kan yi wa juna gyaran fuska. Saboda haka Ƙarami ya girma bai damu da madubi ba. Idan yana son sanin yadda yake, sai ya juya hagu.

Sau ɗaya kawai ya taɓa son rabuwa da fuskar nan. Shekarun baya ne, lokacin yana neman wata yarinya da ƙannenta ke toshe baki da gyale duk lokacin da ya yi murmushi. Ya je wurin likitan haƙori, aka duba shi, aka ce za a ɗaura masa waya ta ja haƙoran baya sannu a hankali. Ran da zai koma a ɗaura, Babba ya biyo shi ya tare shi a matakalar asibitin.

"Idan ka gyara naka, wa ka bar wa su?" in ji Babba. "Yanzu idan an yi dariya, rabi naka, rabi nawa. So kake in ɗauki kayan ni kaɗai? Fuskar Baba ce fa, Ƙarami."

Idanunsa sun yi ja da yake faɗar haka. Ƙarami ya juya suka sauko tare. Yarinyar ta auri wani daga baya. Bai taɓa cewa haƙora ne suka raba su ba, domin shi kansa bai tabbatar ba, amma bai taɓa samun damar tabbatarwa ba kuma. Ya ɗauki abin a matsayin sadakar da ake yi wa ɗan'uwa, wadda ba a goranta ta.

A 'yan watannin nan ne Babba ya soma canjawa. Mutumin da kofin shayi ba ya barin gaban madubinsa, ya koma ruwa zalla. Gyaɗar da yake watsawa a baki tsakanin kai da kai, ya daina. Idan aka kawo abincin rana, sai ya shiga ɗakin baya ya rufe ƙofa kafin ya zo ya zauna, in an gama kuma ya koma, a ji ƙarar famfo da goge baki. Maganarsa ta sami wani ɗan fito, kamar iska na kuɓucewa ta gefen harshe. Ya kuma ɗan rame.

Zuciyar Ƙarami ta tafi wuri guda: ciwon sukarin da ya kwantar da mahaifinsu. Shi ma da barin shayi ya fara, da shiga ɗaki yana ɓoye allura. Ƙarami ya je ya sami Inna, mahaifiyarsu, ya tambaye ta ko Babba ya faɗa mata wani abu.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji ta, tana ninke wankin da ta riga ta ninke. "Kai dai akwai ka da sa ido."

Ya tambayi matar Babba, wadda ke tsokanarsa da mijin gobe. Ta yi dariya ta ce, "Ramar ai ta ado ce. Kai ma ka yi aure a rame da kai."

Bai gamsu ba. Ya san Babba da zurfin ciki, ya kuma san gidansu da ɓoye ciwo. Sai ya yi abin da yake ganin ya dace: ya daina shan shayi a shago don kada ƙamshin ya dami ɗan'uwansa, ya riƙa janye yara masu kuka da masu kan wuya zuwa kujerarsa, ya riƙa cewa Babba ya tafi gida da wuri shi zai share gashi ya rufe. A sujada yana ambaton sunansa kafin nasa.

Wata Litinin, Babba ya fito daga ɗakin baya ya zauna a kujera kamar kullum, ya jingina kai ya lumshe ido. Ƙarami ya yafa masa ƙyalle, ya gasa fuskar da tawul mai ɗumi, ya shafa kumfa, ya sa sabuwar reza a aska. Ya gama kumatu, ya gama haɓa. Saura gefen gashin baki, wurin da yake ɗora babban yatsa a kan leɓen sama ya danna shi bisa haƙora don fata ta miƙe.

Yatsan ya sauka, bai sami abin da ya saba samu ba.

Tudun yana nan, amma ya ja baya. Ƙarami ya san wannan tudu fiye da yadda ya san hanyar gidansu, domin irinsa ne a bakinsa. Makonni ke nan yatsan yana gaya masa wani abu yana ƙaryata shi, yana cewa rama ce. Amma rama ba ta taɓa ƙashi. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya danna nasa leɓen, sannan ya mayar kan na Babba.

"Buɗe bakinka."

"Kumfa za ta shiga," in ji Babba, bai buɗe ido ba.

"Buɗe."

Babba ya buɗe ido tukuna, ya dube shi ta madubi, sannan ya buɗe baki. Haƙoran sun koma ciki, sun fara jeruwa, na ƙasa sun leƙo. A jikin wasu akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori da aka manna. Ba tare da an tambaye shi ba, ya zura hannu ƙarƙashin ƙyallen ya fito da wani ɗan akwati mai faɗin tafin hannu, ya buɗe. A ciki akwai roba biyu garai-garai kamar gilashi, kowace da siffar jerin haƙora.

"Sawa ake yi," ya ce a hankali. "Dare da rana. Sai cin abinci ake cirewa. Idan wannan ta gama aikinta a ba ka ta gaba, kowace tana ɗan matsar da su. Ba a ganinta, sai an ƙura ido."

"Na ga alama," in ji Ƙarami. "Kuma ana cirewa ran Litinin."

Babba ya kawar da ido daga madubin.

"Ni na zaci sukari ne."

"Sukari kuma?"

"Na daina shan shayi, Babba. Ban sani ba ashe azumin ado nake taya ka."

Babba ya yi yunƙurin dariya, ta mutu a cikin kumfa.

"Inna ta sani?"

"Ta sani."

"Matarka?"

"Ita ta raka ni."

Ƙarami ya tuna wankin da aka ninke sau biyu. Ya ji kunya ta rufe shi, irin ta wanda ya shiga ɗaki yana gaisuwar mutuwa ya tarar ana biki. Ba ciwon da ya fi damunsa ke nan ba, amma shi ya fara isowa.

"Me ya sa?"

"Na gaji," in ji Babba. "Ba wani dalili babba. Wata rana na ga hotonmu na ɗaurin aurena, kowa yana dariya, mu biyu mun datse baki kamar an aiko mu da mugun labari. Sai na ji na gaji."

"Ba wannan na tambaya ba. Gajiya ai na riga ka. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Babba ya dubi ɗan akwatin da ke hannunsa, ya rufe shi, ya sake buɗewa.

"Tsoro na ji kada ka faɗa mini abin da na faɗa maka a matakala."

"Da na faɗa, za ka sauko?"

Motar ɗibar shara ta wuce ta ƙarshen layi. Ƙarami ya jira. Da Babba ya yi ƙarya ma, da ya karɓa.

"Mu je tare," in ji Babba daga ƙarshe. "Na yi wa likitan maganarka. Ya ce bakinmu ɗaya, aikin ba zai ba shi wuya ba. Za ka kamo ni."

"Bakinmu ɗaya," in ji Ƙarami. "Haka ya ce?"

Ya ɗauki injin aski ya kunna. Babba ya ɗan zabura, amma Ƙarami ya dafe masa goshi da tattausan hannu, irin dafawar da yake yi wa yara. Ya bi gashin bakin daga dama zuwa hagu, gashin shekaru ya zubo kan ƙyalle. Ya ƙara kumfa, ya bi da aska, a natse, ba tare da ko ƙwarzane ba. Bai taɓa yin aski mai kyan wannan ba. Ya goge, ya shafa man ƙamshi, ya juya kujerar ta fuskanci madubi sosai.

"Abin da ake ɓoyewa ya tafi," ya ce. "Labulen me zai yi maka?"

A madubin akwai mutum biyu. Ɗaya leɓensa ya kwanta lumui, ya yi ƙuruciya, yana kama da wani dangi na nesa. Ɗayan yana tsaye a bayansa da aska a hannu, da fuskar mahaifinsu.

Babba ya taɓa leɓensa. Ƙarami ya lura cewa, duk da nauyin da ke idonsa, ya so abin da ya gani. Babba ya tashi ya kakkaɓe ƙyallen, ya nuna kujera.

"Zauna in yi maka."

"Bar shi."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani direba ne da ya shekara yana aski a wurinsu, yana sauri. Babba ya zare sakata. Mutumin ya shigo da sallama, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yi turus.

"Ikon Allah. Ashe ba kama kuke ba." Ya cire hula yana dariya, ya nufi kujerar dama. "To ni wurin Zomon zan zauna, shi na sani."

Ƙarami ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya. Da ya ɗago don ya tambaye shi irin askin da yake so, idonsa bai tafi hagu ba. Ya tsaya a kan madubi, ya daɗe yana duban mutumin da ke ciki.